Haƙorin Makka na Mma

Zainabu, ke da ƙannenki kun taso kuna ganin kakarku, amma ba ku san fuskarta ba. Kun san goshinta da idanunta. Kun san hannunta na hagu wanda kullum yake dafe da bakin mayafi a kan leɓenta, da ɗan ƙullin nan na bakin mayafin da kuke damunta ta kwance muku, kuna zaton alewa ce. In za ta ci abinci sai ta juya wa mutane baya. Haka kuka san ta har ta koma ga Mahaliccinta. Ni kuwa na san Mma da dariyar da ake jiyowa tun daga bakin lungunmu, dariyar da take yi da dukan bakinta har sai ta dafa wanda ke kusa. Idona ba ya son takarda yanzu, amma dole na rubuta wannan babin na tarihin gidanmu, saboda abin da aka yi wa 'yarki a wajen biki a unguwar Aboabo. Wai wata ta nuna ta da baki a cikin mata, ta ce, "Jikar Rabi ce, wadda ta kai uwarta asibiti aka lalata mata baki." Yarinya ta dawo gida tana kuka. To, ya isa haka. Na yi shiru da aka yi da ni, ba zan yi shiru a yi da jikata ba.

Mma 'yar goro ce. Iyayenta daga Nijar suka gangaro, a nan Zango aka haife ta, kuma da kwandon goro ta rene mu bayan rasuwar Baba, ni da Yaya Sani, wanda kuke kira Kawu. Da Allah ya buɗa wa Yaya a harkar kayan mota a Suame, sai ya biya mata Makka. Wannan kam ba zan tauye shi ba, ya yi abin da ɗa na kirki yake yi. Ta dawo da haƙorin zinariya a sama, gefen dama, kusa da fiƙa, kamar yadda kowace hajiya take dawowa da shi. A can aka goge mata lafiyayyen haƙorinta aka kifa zinariyar a kai. Tun daga ranar haƙorin nan ya tashi daga na Mma ya koma na Yaya. In ya yi baƙi daga Suame, sai ya shigo da su tsakar gida su gaishe ta, ya tsaya yana jan ta da wasa.

"Mma, yi musu dariya mana su gani."

Ita kuma ta yi, tana cewa, "Kai Sani, ba ka da kunya." A lokacin ni ma dariya nake yi.

An ɗauki shekaru kafin ciwon ya fara. Da fari in ta sha koko da zafi sai ta runtse ido. Daga baya ruwan sanyi ma ya gagare ta. Ta danna kanumfari a wajen, ta kurkure da ruwan gishiri, ta tauna tafarnuwa. Wani yaron shagon Yaya har cewa ya yi a ɗiga mata ruwan batir, wai yana kashe tsutsar haƙori, na kore shi da muciya. Abin da ya tayar mini da hankali shi ne ranar da na ga an kawo mata sabon goro ta juya shi a hannu, ta shinshina, ta ajiye ba ta ɓantara ba. Matar da ba ta taɓa sayen goro ba sai ta ɗanɗana! Ga shi tana da ciwon suga, ga wani wari da ya fara fita daga bakinta, tana magana tana kawar da kai. Yaya yana Tema wajen fitar da kaya daga tashar jiragen ruwa. Ban jira shi ba. Na bar keken ɗinkina, na sa ta a trotro, motar hayarmu ta nan, muka tafi asibitin haƙori.

Likitar wata 'yar Asante ce, mace mai sanyin hannu. Ta duba, ta ɗauki hoto, ta nuna mini wani baƙin tabo a ƙarƙashin zinariyar. Ta ce haƙorin yana ruɓewa daga ciki, zinariyar ta rufe shi, ba abin da zai kai wajen sai an cire ta. Na kalli Mma. Hawaye na gangarowa ta gefen idonta saboda azaba.

"Mma, kin ji? Sai an cire."

"A cire, Rabi. Ko kaina ne a cire."

Ku riƙe wannan maganar, domin daga baya an ce ni na tilasta mata. Aka yi mata allura, aka ɗaga zinariyar, aka ba ni ita a ɗan ƙyalle. Warin da ya tashi sai da ma'aikaciyar da ke riƙe da fitila ta ja da baya. Likita ta kankare ruɓar da injin nan mai ƙara, ta daɗe tana yi. Da ta gama sai ta kira ni kusa, ta yi mini bayani da Twi, yarensu, a hankali, kamar mai koya wa yaro hanya. Ta ce ramin ya yi zurfi, saura ƙiris ya taɓa jijiyar haƙorin. Saboda haka ba za ta zuba ciko mai ƙarfi a ranar ba. Za ta fara yi wa ƙasan ramin shimfiɗa da wani magani mai kare jijiya, sannan ta toshe saman da farin ƙulli mai laushi, na wucin gadi. Bayan sati biyu mu dawo ta buɗe ta gani. In jijiyar ta rayu, ta sa cikon dindindin a kan shimfiɗar. In ta mutu, ta cire ta tun kafin ta ruɓe a ciki. Sai ta kama hannuna, ta kira ni yadda suke kiran mace don girmamawa.

"Maame, ciwon zai tsaya yau ɗin nan. A nan mutane suke ruɗuwa. Tsayawar ciwo ba warkewa ba ce. Wannan farin abin ba ya daɗewa, yana zaizayewa. Kada a rufe shi da komai, kada a mayar da zinariyar. Ku je ku dawo."

Mma tana kwance a kujerar, idonta a rufe, ba ta motsa ba. Na ɗauka allurar ce ta ɗauke ta. Da ma'aikaciyar ta fara kwaɓa farin ƙullin a kan ɗan gilashi, sai ɗakin ya cika da ƙamshin kanumfari, har na ce wa likita ashe su ma da shi suke aiki. Ta yi murmushi ta ce da mansa a ciki, shi ke kwantar da zafi, amma ba shi ne aikin ba.

Ciwo kuwa ya tsaya. Mma ta ci tuwo, ta yi barci, washegari har ta ɓantari goro ta ɗaya gefen. Sai ga Yaya ya dawo daga Tema. Ya shigo da fara'arsa, ya durƙusa ya gaishe ta, ta amsa tana dariya, sai ya ga wajen. A maimakon zinariya, ɗan guntun haƙori ne gogagge da farin abu a jiki. Wallahi kamar an watsa masa ruwan zafi.

"Ina haƙorin?"

Na miƙa masa ƙyallen, na fara bayani. Bai bari na kai ko'ina ba. Ya matsa kusa da bakin Mma ya shinshina, ya ɗago ya dube ni, ya kwashe da wata irin dariya.

"Kanumfari! Rabi, kanumfari ne fa! Kin ɗauki Hajiya kin kai ta an kware mata Makkarta, don a sa mata abin da ke cikin gwangwani a madafarmu?"

"Yaya, ba shi kaɗai ba ne. Akwai shimfiɗa a ƙasa, kuma ba a gama ba. Za mu koma."

"A koma a yi me? Tana ciwo? Mma, yana miki ciwo?"

"Ya daina."

"To kin ji. Ni aikina ke nan kullum. Abu ya huje, an toshe, ya daina yoyo, an gama. Komawar ta mece ce, in ba so suke su riƙa ganinku ba?"

Kun ji fa. Bakin uwarsa ya mayar tankin mota. Na ce masa haƙori ba ƙarfe ba ne, akwai rai a cikinsa. Ya ce tun yaushe tela ta zama likita. Muka yi ta yi har maƙwabta suka leƙo. Abin da ke cinsa ban gane shi ba sai daga baya. Matarsa ta haihu, namiji na fari bayan 'ya'ya mata, suna ya matso, ya gayyaci duk manyan Suame, ya kira mai hoto. Shi a ransa, yaya za a yi uwar Alhaji Sani ta zauna a tsakiyar mata ba haƙorin Makka, a ce wa ya kai ta?

Ana cikin haka aka aiko kakanku na wajen uba ya rasu a Bawku. Dole na bi babanku. Kafin mu tafi tasha na shiga ɗakin Yaya na durƙusa masa, ni da ban saba ba. Na ce ya yi wa Allah ya bar haƙorin nan har in dawo, in ya so bayan an sa cikon gaske mu tambayi likita ko za a iya yin wata zinariyar. Ya ce in tafi kawai, Allah ya jiƙan mamaci. Na ɗauka amincewa ce.

Na dawo bayan an share makoki, suna ya wuce, ranar da likita ta sa mana ma ta wuce. Ina shiga gida Mma ta tare ni da murmushi, sai na ga abu yana walƙiya. Kayan da ke kaina ban san lokacin da suka faɗi ba. Ashe ana gobe suna Yaya ya sa ta a mota ya kai ta wurin wani mai gyaran sarƙa da 'yan kunne a bayan kasuwar Race Course. Da zinariyar ta ƙi zama, sai Yaya ya ciro gam daga aljihunsa, irin mai ƙarfin nan mai ruwan toka da suke liƙe ƙarfe da shi a Suame, aka cika cikinta aka danna a kan farin cikon. Ya riƙa yi wa mutane alfahari cewa ko da filaya ba mai iya cire ta. A tsakar gida na same shi yana alwala, na faɗa masa maganganun da ƙanwa ba ta faɗa wa wanta. Ban yi nadamar ko ɗaya ba. Na ce wa Mma ta ɗauko mayafi mu tafi asibiti a lokacin.

"Rabi, ba ya ciwo. Ki bar shi. Kada ki haɗa ni da ɗan'uwanki."

Na roƙe ta, na yi fushi, na daina gaishe ta na kwanaki, na dawo na sake roƙo. Na koma wurin likita ni kaɗai na gaya mata, ta dafe kai ta ce in kawo ta ko ta halin ƙaƙa. Amma yaya za ki ɗauki babbar mace mai hankalinta ki sa a mota tana cewa a'a? Duk gidan suka mayar da ni abin dariya. In na shigo sai a ce ga Dokta ta iso. Aka yi wata da watanni ba abin da ya faru, kuma kowace rana ta lafiya sai ta zama hujja a kaina.

Da damina abin ya tashi. Da safe kuncinta ya ɗan tasa, kafin la'asar idonta na dama ya rufe ruf, jikinta kamar garwashi, tana kiran sunan Baba da ya daɗe a ƙasa. Jijiyar ta mutu tuntuni a ƙarƙashin gam, ta ruɓe ba hanyar fita, sai ruɓar ta bi ƙashi ta yi sama. Ga suga. Ni na goya ta zuwa bakin titi, Yaya yana shago. A babban asibiti suka ce in an ƙara jinkiri zai iya kaiwa ga ido ko ƙwaƙwalwa. Suka tsaga, suka kwashe mugunya, suka cire haƙorin da na kusa da shi duka, har da wani yanki na ƙashin da ya lalace. Rai dai Allah ya bar mana ita. Amma da ciwon ya warke, leɓenta na sama ya shige ciki ya karkace, in ta yi magana iska na fita ta gefe. Ranar da ta fara ganin madubi ta ja mayafi ta rufe, ba ta sake saukewa a gaban mutum ba.

Yanzu ku saurari inda aka cuce ni. Bayan an sallamo ta, dangi suka taru a tsakar gida yin barka, da 'yan'uwan Baba da matan unguwa. Ina rarraba ruwa, sai na ji muryar Yaya.

"Shekara da shekaru haƙorin nan yana bakinta lafiya. Ɗan ciwo ne irin na kowa. Sai da aka kai ta aka huda shi da inji, aka buɗe wa iska hanya. Ni da na ga ɓarnar da aka yi, rufewa na yi don in taimaka."

Na dire butar. Na ce ƙarya yake yi, a gaban kowa na faɗa. Na ce likita ta yi gargaɗi kada a rufe, ta ce a dawo, kuma na gaya masa har da durƙuso. Ya ce shi bai san da wannan ba, ni dai na ce an sa kanumfari. Sai wani baffanmu ya ce a daina hayaniya, ga mai haƙori nan zaune, a tambaye ta.

"Hajiya, kin ji likita ta ce a koma, kada a rufe?"

Na zuba mata ido. Ta kalli Yaya, ta kalli ƙasa, ta yi magana ta bayan mayafi.

"Allura ta ɗauke ni. Ban ji komai ba."

Shi ke nan, aka gama da ni. Ban ga laifinta ba a lokacin, don na ga idonta a rufe a kujerar. Amma daga ranar sunana ya canja a Zango. Matan da nake wa ɗinki suka riƙa janyewa, wai hannuna ba albarka. In na shiga gidan suna sai hira ta tsaya. Wata tsohuwa ta tare ni a bakin masallaci ta ce in nemi gafarar uwata tun tana da rai. Babanku ya ga zan haukace, shi ya sa muka tashi daga gidan gado muka koma haya a unguwar Buokrom. Kun sha tambayata dalilin da ya sa ba ku girma a gidan kakanninku kamar 'ya'yan Kawu ba. To ga dalilin. Duk da haka, wa yake zuwa ya dama mata kunu mai laushi, ya tace mata miya, ya daka mata goro a turmi don ta samu ta tsotsa? Ni ce. Yaya yakan leƙo ya tsaya daga bakin ƙofa ya ce, "Mma, ya jiki?" Bai taɓa iya kallon fuskarta ba, bai kuma sake cewa ta yi wa kowa dariya ba.

A ciwonta na ƙarshe, wata rana da hantsi na gama yi mata wanka ina shafa mata mai, sai ta ce in tura ƙofa. Ta sauke mayafin da kanta. Ta daɗe tana fama da ƙullin nan na bakinsa, yatsunta ba ƙarfi, har ta kwance. Zinariyar ce. Ashe a asibiti sun ba ta, ta ce wa kowa ta ɓata. Ta sa mini a tafin hannu ta rufe da nata.

"Rabi, na ji."

"Kin ji me, Mma?"

"Abin da likita ta ce. Duka na ji. Shimfiɗa, da ciko, da kada a rufe. Ido kawai na rufe. Da Sani ya zo da motarsa ma na sani. Na ga yadda yake murna, na kasa ce masa a'a."

Na zare hannuna.

"Kin ji, kika bar ni a tsakar gida? Kika bar ni shekarun nan duka ana nuna ni da baki?"

"In na faɗa, Sani ne ya yi wa uwarsa wannan da hannunsa. Ba zai iya ɗauka ba, Rabi. Na san ɗana. Ke za ki iya."

Ta nemi in yafe mata. Na yafe, domin uwata ce, tana kan gargara, kuma ta biya da fuskarta fiye da kowa. Amma kada wani ya ce muku yafiya tana kashe fushi. Ina wanke gawarta ina kuka ina jin haushinta, Allah ya gani. Ta auna 'ya'yanta biyu, ta ga wanda ya fi ƙarfi, sai ta ɗora masa kayan wanda ya yi ɓarnar. Ban faɗa wa kowa ba bayan rasuwarta. Na ce ta zaɓi ta rufa masa asiri, bari in bar mata zaɓinta. Na ɗauka, kamar yadda ta ce zan iya. Amma ni ta ce wa zan iya. Ba ta ce ke za ki ɗauka ba, Zainabu, ba ta kuma ce 'yarki ba.

Kawunku yana nan da ransa, kunnensa ƙalau, kullum yana zaune a ƙofar gidan gado ana gaishe shi da Alhaji. Ki ɗauki wannan babin ki je ki karanta masa da rana tsaka, a tsakar gidan nan, a kira matar da ta nuna 'yarki da baki ita ma ta zauna. In ya ce ƙarya nake yi, kada ki yi musu da shi, babba ne. Ki buɗe gwangwanin zarena, a ƙasa za ki ga ƙullin bakin mayafi. Ki kwance ki miƙa masa, kayansa ne, shi ya saya. Ki ce ya juya ta ya leƙa ciki. Gam ɗinsa yana nan maƙale, bai fita ba har yau.